Tunau Sarkin Haƙa da Ƙasa ta Takwas

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya ɓoye ruwa a ƙarƙashinta, ya kuma hore wa ɗan Adam hanyar kaiwa gare shi. Ku matso kusa, jama'a, ku gyara zama, mai goro ya ci, mai tari ya yi tun yanzu. Ni ne Tunau ɗan Mayana, wanda a da ake kira Sarkin Haƙa na birnin Garzama, can a ƙasar Jan Rairayi, tafiyar wata bakwai yamma da inda ayarinku ya taɓa yada zango. Shekara tara na yi ina yawo. Na shiga birnin ƙarfe na fita, na haye tafkin da tsibiransa ke tafiya. Amma ba don ku yi mamakina zan ba ku labarin nan ba, domin ni kaina in na tuna shi abinci fita raina yake yi.

Garzama birni ne da ba kogi, ba tafki. Ruwan sama sai shekara uku-uku yake leƙo mu, na ƙasa kuwa sai an nutsa gaba ɗari kafin a taɓa shi. Saboda haka duk garin, daga Sarki har mai tallan gishiri, rayuwarsu a hannun mahaƙan rijiya take, mahaƙan kuwa a hannuna. Mutum arba'in ne a ƙarƙashina. Na gaji sarautar daga mahaifina, na kuma gaji bulalarsa.

Ga yadda nake tafiyar da su. In sabon ma'aikaci ya zo, sai in miƙa masa dagi, in sa a ɗaura masa igiya a ƙugu a zura shi. Ba bayani, ba nuni. In ya yi tambaya in ce, "Ba ka da ido ne?" In wani ya fito ya ce ƙasa ba ta yi masa ba, a dakata, sai in kira shi rago a gaban kowa, in sa shi jidar yashi kwana bakwai cikin rana. A hankali tambaya ta ƙare, ƙorafi ya ƙare, aiki ya riƙa sauri. Ni kuwa na ɗauka gwanintata ce.

Wata shekara Sarki ya ce yana son rijiya a sabuwar unguwa kafin ayarin gishiri ya iso. Muka kai gaba saba'in. Ran nan da hantsi sai ƙanena Anaruwa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya fi duk mahaƙana ƙarfin hannu, ya ja igiya aka fito da shi. Ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

"Yaya, bangon gabas yana gumi. Yashi na zubowa kaɗan-kaɗan. Da mun bar ta kwana biyu mu gani."

Da a gida ya gaya mini, wataƙila da na saurara. Amma mutane na kallonmu. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji, na ce, "Kai ma ka koyi ragwancin? Ko don kana ƙanena kake tsammanin ba zan sa ka jidar yashi ba?"

Ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Ya ce, "To, Yaya." Ya gyara igiyarsa ya koma.

Kafin azahar muka ji wata ƙara, ba mai ƙarfi ba, kamar babban mutum ya yi ajiyar zuciya. Ƙura ta taso daga bakin rijiya. Mutum bakwai ne a ciki. Kwana tara muna tono, muna kwashewa ƙasa na komowa, har Liman ya zo ya ce a haƙura, a yi musu salla a nan bakin ramin. Daga baya ne na ji cewa mutum biyar sun ga gumin bangon nan tun kwana biyu kafin Anaruwa ya gani, ba wanda ya buɗe baki.

Innarmu ba ta zage ni ba. Da na shiga ɗakinta na durƙusa, tambaya ɗaya ta yi mini.

"Ya gaya maka?"

Na ce, "Ya gaya mini, Inna."

Ta juya fuskarta ga bango.

Washegari na kai wa Sarki dagin sarauta na ajiye a gabansa. Na ce, "Ranka ya daɗe, na iya haƙa, amma ban iya riƙon masu haƙa ba. Zan tafi in nemi inda aka iya." Ya ce in tsaya, garin ba shi da wani. Ban tsaya ba.

Na nausa gabas. Na ratsa dajin da itatuwansa ke sunkuyar da kai in baƙo ya wuce, na keta ƙasar da ake shuka gishiri a girbe shi kamar gero. Duk inda na sauka tambayata ɗaya ce: ina aka fi iya aiki a duniya? Kowa sai ya ce Birnin Kwado, inda ake ƙera kwadon da ba ɓarawon da ya taɓa karya shi.

Bayan wata goma sha ɗaya na isa. Ganuwar birnin ta ƙarfe ce, an goge ta tana sheƙi kamar madubi. Dogaransu dogaye ne, kowanne da ido huɗu, biyu a gaba biyu a ƙeya. Na gaya wa mai tsaron ƙofa koyo ya kawo ni. Ya yi dariya ya ce, "Shigo, za ka koya." Ina shiga aka danna mini mari a ƙafa, aka datse shi da kwado.

Maƙerarsu doguwa ce, rumfa talatin da ɗaya a jere, tsakanin kowace rumfa da 'yar'uwarta akwai bangon ƙarfe. A kowace rumfa maƙeri ɗaya ne, da marinsa, kuma abu ɗaya tak ya sani. Wannan ya narka, wancan ya buge, wani ya lanƙwasa harshen kwado, wani ya sa alama a mabuɗi, na ƙarshe ya fitar da haƙora. Magana haramun ce, wanda ya yi ta a ɗora masa awartaki mai zafi a leɓe. Sarkin birnin ya san in mutum ɗaya ya iya aikin daga farko har ƙarshe, marinsa zai fara buɗewa. Abin da ba a gaya wa duniya shi ne, cikin kowane kwado goma, bakwai lalacewa suke yi, domin na baya bai san abin da na gaba ke bukata ba. A bayan birnin akwai tudun lalatattun kwaduna da ya kere ganuwa tsawo.

Ni aka ba ni rabon gawayi daga rumfa zuwa rumfa. Na lura da tsakar rana, in rana ta daki ganuwar nan, haske na cika birnin har dogarai su kasa jurewa. Sai su lulluɓe kawunansu da baƙin mayafi gwargwadon tafasar tukunya ɗaya. Idonsu a rufe, amma kunnensu na kan ƙarar masaba.

Wata biyar ban ce uffan ba. Ran nan da tsakar rana na tsaya a rumfar ƙarshe, wurin wani tsoho mai suna Jatau, ina kallon hannunsa. Ban san sanda bakina ya suɓuce ba.

"Baba, me ya sa kake karkata magagarin haka?"

Ya ajiye aikin ya dube ni. Sannan ya ce cikin raɗa, "Shekara ashirin da biyu ina rumfar nan. Kai ne na farko da ya tambaye ni wani abu."

Ni kuwa, jama'a, ita ce tambaya ta farko da na taɓa yi wa ma'aikaci don in ji amsarsa.

Ya bayyana mini. Washegari na tambayi maƙwabcinsa, jibi na gaba da shi. Na zama ina raba gawayi ina raba bayani. In na gaya wa mai lanƙwasa harshe abin da ke damun mai sa alama, sai ya dafe kai ya ce ai da ya sani da tuni ya gyara. Kwaduna suka daina lalacewa. Dogarai suka ji daɗi, suka ce bulala ce ke aiki. Cikin wata huɗu, abin da ke kan mutum talatin da ɗaya ya haɗu wuri guda, muka ƙera mabuɗin marinmu a ƙarƙashin gawayi.

Saura abu ɗaya. In muka fita duka ƙarar masaba za ta ɗauke, dogarai su yaye mayafi. Jatau ya ce, "Ku ba ni masaba biyu. Ƙafafuna sun manta tafiya."

Na ce, "Baba, goya ka za mu yi."

Ya ce, "In ƙara ta tsaya, kafin ku kai ƙofa an tare ku. Tafi, ɗan nan, kada ka ɓata mana rana."

Da tsakar rana muka sulale ta ƙofar da ake zubar da lalatattun kwaduna, tudun nan ya kare mu daga masu tsaron ganuwa. A bayanmu tsohon nan yana luguden masaba biyu kamar mutum goma. Muna gudu muna jin sa. Muka haye tsauni muna jin sa. Muna gangarawa ɗaya gefen, sai ƙarar ta tsaya cak. Ba wanda ya waiwaya.

Maƙeran suka watse kowa ya nemi garinsu. Ni na ci gaba har na iso Tafkin Kififiya, wanda daga wannan gaɓa ba a hango waccan. Tsibiran da ke cikinsa ba tsibirai ba ne, bayan manyan kififiyu ne, har itatuwa sun tsiro a kansu. In ɗaya ta ga dama ta nutse, sai ruwa ya taso tsawon rimi. Masu fito sittin ne a wurin, maza da mata, shugabarsu wata gajeruwar dattijuwa mai furfura, Gwamma, kowa Inna yake ce mata. Shekara goma sha ɗaya ba su rasa ran mutum ɗaya ba. Na roƙe ta aiki ta karɓe ni.

A nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Sabon zuwa ba a barinsa shi kaɗai, sai a haɗa shi da wanda ya daɗe, su ci tare su yi aiki tare. In Gwamma za ta gwada mutum, sai ta ba shi filafili a ruwan da ke kwance, ta zauna a bayansa ba ta ce komai. In an sauka ta ce, "Me ka gani?" Kullum da la'asar, bayan fiton ƙarshe, sai a taru a gindin wata tsamiya. Ita ke farawa: "Kuskurena na yau shi ne kaza." Sannan kowa ya kawo nasa. Wanda ya kawo kuskuren da ba a taɓa sani ba, shi ke fara sa hannu a akushi. Da farko na ce a raina matar nan za a raina ta. Ban taɓa ganin wanda ake jin maganarsa kamarta ba.

Abokin aikina Nomau ne, mutum mai fara'a, uban 'yan mata uku, mai son waƙa ga muryar ba daɗi. Shi ya koya mini toshe jirgi da danƙo da tsumma. In na ɓata sai ya yi dariya ya ce, "Madalla, yau mun sami abin kaiwa gindin tsamiya."

Bayan shekara ɗaya da rabi Gwamma ta ba ni babban jirgi in toshe ni kaɗai. Ina gab da gamawa danƙo ya ƙare, saura taƙi ɗaya. Samo wani tafiyar kwana biyu ce, ga shi gobe fiton kasuwa. Ai da na buɗe baki shi ke nan. Amma na ji ba zan iya tsayawa gaban mutane in ce aikina bai kammala ba. Na cusa laka a wurin, na shafa baƙi a kai. Da safe, ana loda kaya, na ga wurin yana tsattsafo. Na ɗora ƙafata a kai.

Muna tsakiyar tafki wata kififiya ta nutse kusa da mu. Ruwa ya ɗaga jirgin ya maka, lakar nan ta fice, tsagar ta buɗe. Mutum ashirin da biyu ne a ciki. Nomau ya riƙa nitso yana fito da mutane, yana kai su bayan wata kififiyar da ke kusa, ni ma ina ja daga sama. A karo na ƙarshe wata tsohuwa ya bi. Ya turo ta sama muka kama hannunta. Shi bai fito ba. Sai a rana ta uku ruwa ya kawo shi gaɓa.

Da aka dawo daga jana'iza aka taru a gindin tsamiya. Gwamma ta fara kamar kullum, muryarta a dishe.

"Kuskurena shi ne, na ba mutum aikin da bai taɓa yi shi kaɗai ba, ban bi mun duba tare ba. Kuma na ga ƙafarsa ba ta motsa ba tun daga gaɓa. Na yi niyyar tambaya, na bari."

Na miƙe na faɗi komai, danƙon da lakar da ƙafar.

Ta ce, "Me ya hana ka faɗa, Tunau?"

Na ce, "Tsoro, Inna."

"Wa ka taɓa gani na daka a nan?"

"Ba kowa."

"To, tsoron wa?"

Sai na ba su labarin Garzama tun daga farko. A ranar na ɗanɗani abin da na shekara goma sha biyar ina ɗura wa mutum arba'in.

Gwamma ta ce, "Ba zan kore ka ba. Abin da ka sani yanzu ba wanda ya san shi kamarka. Gobe ka je wurin matarsa ka gaya mata da bakinka. Jibi a jawo jirgin, ka nuna wa kowa wurin."

Na je. Ladingo matar Nomau ta saurare ni har na gama, 'ya'yanta na jingine da ita. Sannan ta ce, "Da ka faɗa, ai shi da kansa zai tafi neman danƙon. Yana waƙa ma." Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Na ƙara shekara huɗu a wurin, har ba wani mai toshe jirgi a tafkin da bai bi ta hannuna ba, kuma kowannensu da tsagar nan nake fara masa. Sannan na yi wa Gwamma sallama na kamo hanyar gida, ina ta shirya yadda zan tara mutanena in fara da faɗin nawa laifin.

Na tarar da Garzama kango. Yashi ya cike ƙofar gari har rabi. Rijiyoyi sun rufta ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya san yadda zai gyara, mutane sun yi ƙaura kudu. Gidanmu ba rufi. Ina tsaye a tsakar gida na hango hayaƙi wajen wata tsohuwar kuka. Na je na tarar da wani tsoho makaho yana jan ruwa da ɗan ƙaramin guga. Na yi sallama.

Ya saki igiya ya ce, "Muryar Sarkin Haƙa ce wannan?"

Na ce, "Ni ne, Baba. Amma ka gafarce ni, ban gane ka ba."

Ya ce, "Cindo ne. Ni ke jan igiya ta uku. Shekara goma sha ɗaya na yi maka."

Wallahi ko fuskarsa ban tuna ba. Shi ya gaya mini Innarmu ta rasu a shekara ta biyu da tafiyata, ya kuma kai ni kabarinta yana lalube da sanda. Da muka dawo na tambaye shi yadda aka yi rijiyar nan kaɗai ta rayu.

Ya ce, "Ina sauraronta ne." Ya kafa dagi a ƙasa, ya ɗora kunne a ƙotarsa. Ya ce tsakanin tafin ƙafa da ruwa ƙasa iri goma sha biyu ce, kowace da muryarta, da ɗanɗanonta, da irin gargaɗin da take yi kafin ta zubo. A wurin kakansa ya koya.

Na ce, "Baba, duk shekarun nan me ya sa ba ka taɓa faɗa ba?"

Ya ce, "Ni mai jan igiya ne. Ba a tambaye ni ba."

Na durƙusa a gabansa na ce, "To, Baba, koya mini."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na ga jini a gefen bakinsa. Ya ce, "Ka zo a makare, Sarkin Haƙa, amma ɗauko igiya."

Kullum da safe sai in sauka rijiyar in ɗebo dunƙulen ƙasa daga inda ya ce. Ya sa in murza, in shinshina, in ɗora a harshe, sannan in kafa dagi in saurara. In na faɗi ba daidai ba ya ce, "Sake." In na dace ya ce, "Kai, ashe kana da kunne." Na dafa masa kunu, na ɗauke masa jan ruwa. Kwana goma sha tara muka yi, muka gama ƙasa bakwai.

Rana ta goma sha tara da yamma ya ce, "Gobe ta takwas. Ja ce, tana kwance ƙarƙashin farar laka. Ita ce mayaudariya, ita ta fi cin mutane. Amma yau na gaji. Da safe ka ɗebo ta, in Allah ya kai mu."

Da gari ya waye na sauka na ɗebo ta, na fito ina murna. Na tarar da shi kwance a gindin kuka, fuskarsa na duban gabas. Na ce, "Baba, ga ta." Na sake faɗa. Jikinsa ya riga ya yi sanyi.

Ni kaɗai na yi masa wanka da ruwan rijiyarsa, ni kaɗai na yi masa salla, na haƙa masa kabari kusa da kukar.

Daga nan na bi mutanenmu kudu. Wasu sun karɓe ni, wasu har yau ba sa amsa sallamata, ban kuma ga laifinsu ba. Ban nemi sarauta ba. Mutum goma sha biyu suka yarda su yi aiki tare da ni, na koya musu ƙasa bakwai, muna zama da la'asar kowa ya faɗi nasa. In haƙa ta kai ga jar ƙasar nan sai in ce kowa ya fito, domin ban san halinta ba. Rijiya huɗu muka bari a haka, garin da muka zauna na fama da ƙishirwa, mata na tafiyar rabin yini ɗebo ruwa.

Shi ya sa na sake ɗaukar sanda da tsufana, ina bin gari gari. Iyakar labarina ke nan, Allah ya gafarta mini inda na rage ko na ƙara. Ga dunƙulen nan a jakata, bari in kwance ku gani. Ku miƙa shi hannu hannu, ku murza, ku shinshina. In akwai wanda ya san ta a cikinku, ko wanda kakansa ya taɓa gaya masa wani abu a kanta, ko da mai jan igiya ne, don Allah in an watse ya tsaya.